Yadda ake haɗa babbar riga da kente: ina inji zai tsaya, ina hannu zai karɓa

Tun da injin surfani na kwamfuta ya yawaita a shagunan unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, Ghana, babbar riga ta daina cin watanni a hannun mai aiki. Sai dai duk wanda ya saba sa rigar aikin hannu, daga nesa yake gane wadda inji ya yi ita kaf: ta cika santsi, ta cika daidaito, kamar an buga hatimi. Rigar da ake biyan kuɗinta ba gardama ita ce wadda aka raba wa aiki, inji ya ɗauki nasa, hannu ya ɗauki nasa, kuma aka bi su a jere.

Da farko yadi. Cikakken kaya, riga da 'yar ciki da wando, yakan ci yadi 10 na shadda. A kasuwar Kejetia ka samu mai nauyi, irin Getzner ta Ostiriya idan aljihu ya yarda, kuma kada ka wanke ta kafin aiki, sheƙinta zai mutu.

Kenten kuwa, wato saƙin gargajiyar Ghana mai launuka, ka daure ka je garin Bonwire ko Adanwomase kusa da Kumasi, wurin masaƙa. A ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, faɗin kowace kusan inci 4, kuma riga ba ta buƙatar fiye da biyu ko uku, ba sai ka sayi zane guda ba. Juya bayansa ka gani: na saƙa launinsa ya ratsa gaba da baya, na bugun kamfani bayansa fari-fari ne. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kai, in ya zuba, ajiye musu abinsu. Ka kuma tambayi sunan zanen, domin kowanne da sunansa da ma'anarsa a wurin al'ummar Asante, kar ka ɗora wa ango abin da bai dace da ranar ba. UNESCO ma ta sa kente cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024.

Sai zane. Ka zauna da mai kwamfuta, ku fitar da askar, biyu ko takwas, da tambarin ƙirji da na baya. A nan ake yawan kuskure. Mai kwamfuta zai so ya cike ko'ina. Ka ce masa ya cika cikin askakin da tambarin baya kawai, ya bar bakin wuya da bakin aljihu da gefen kowace aska da siririn layi, alamar inda hannu zai bi. Ya ajiye zanen a tsarin DST, wanda injinan Tajima da mafi yawan sauran ke karantawa, ya sa maka a filas.

Kafin allura ta taɓa rigar, a gwada a kan guntun wannan shaddar. Shadda ba ta yafiya, inda allura ta huda ta huda ke nan, ko an warware zaren tabon yana nan. A shimfiɗa takardar ƙarfafa yadi a baya, a ɗaure a firam ba tare da an ja ta fiye da kima ba, a sa sabuwar allura mai tsini, lamba 11. In gwajin ya tattare, ɗinkin ya yi cunkoso, a sassauta shi. Shagon da ba shi da janareta kuma, ka yi tunani sau biyu, dumso, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar tambari ba abin wasa ba ne.

Yanzu rigar ta koma hannun malam mai surfani. Shi zai bi layukan nan da zare mai kauri, ya yi ƙananan hudojin da ake zagayewa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure wuya. Nan ne idon mutum ke sauka idan an zo gaisawa, nan ne kuma yatsa ke taɓawa. Ka kai masa zaren da launinsa ya yi daidai da na injin, ka duba su biyun a hasken rana, fitilar shago tana ruɗin ido. Kada ka tsaya masa a ka, ko da Sallah ta matso.

In za a kai bugu, yanzu ne, kafin kente ya hau. Ƙotar masu bugu tana fito da sheƙin shadda, amma tana farfasa saƙar kente.

Kente shi ne na ƙarshe. Kafin almakashi, ka bi da keke layi biyu kusa da juna, ka yanka a tsakaninsu, in ba haka ba zaren zai warware maka a hannu. Ka shimfiɗa shi a cikin bakin hannayen riga, inda yake bayyana idan mai riga ya naɗe su a kafaɗa, ka kafe da dogon ɗinki tukuna, sannan ka kama gefensa da hannu. Guga ta baya, da ƙyalle a tsakani, wuta kaɗan.