Yadda nake kwanan gona don kallon zubar taurari

Duk shekara, daren 13 zuwa 14 ga Disamba, ba na kwana a ɗaki. A daren ne duniya ke ratsa tsakiyar ƙurar da wani dutsen sararin samaniya mai suna Phaethon ya bari a hanyarsa, sai ka ga taurari suna ta tsinkewa. Masana na kiran su Geminids. Ƙananan tsakuwoyi ne ke ƙonewa can sama, kimanin kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa.

Ka fita bayan gari, inda babu fitila. Ni gonarmu nake zuwa bayan an kwashe dawa, in shimfiɗa tabarma tsakanin kunya. Ka riƙo bargo da hular sanyi, don wajen ƙarfe biyun dare suka fi zuba, sanyin hunturu kuwa a lokacin har ƙashi. Kwanta rigingine, waya ta zauna a aljihu. Ido na buƙatar minti 20 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya ya mai da kai baya. Hazo mai kauri ko farin wata kan rage su sosai. Zubar taurarin watan Agusta kuwa, gajimaren damina ne ke hana mu ganinta.

Hasken da ya gifta cikin ƙiftawar ido, shi ne wanda kake nema. Mai walƙiyar ja jirgin sama ne. Mai tafiya sannu ba ya ƙyaftawa tauraron ɗan'adam ne, in sun jeru kamar carbi taurarin intanet na Starlink ne. Mai haske tsaye da magariba ko asuba galibi Zara ce, matar wata. In wani babba ya haska gona har ka ga inuwarka, rubuta lokacin da gefen da ya nufa.