Ga masu tunanin barin Legas su koma Ibadan

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana ta maganar barin Ikko saboda tsadar haya da gosulo, to bari in faɗi ɗan abin da na gani tunda ni ma daga Agege na tashi na koma Ibadan.

Dan Allah kar ka kwashi iyali lokaci ɗaya. Ka fara zuwa kai kaɗai ka yi sati biyu ko uku, ka sauka Sabo kusa da Mokola, nan Hausawa suke tun kaka da kakanni, ga masallatai ga makarantun allo, kuma in ka je ka gaida dattawan unguwa su za su haɗa ka da mai ɗaki na kirki ba sai ejan ya tatse ka ba. Haya kam ta fi ta Legas sauƙi sosai, amma fa ciniki ma bai kai na kasuwar Mile 12 ta Legas gudu ba, wannan ne mutane ba sa lissafawa, shi ya sa nake cewa kar ka saki kwastomominka na Legas sai ƙafarka ta tsaya a kasuwar Bodija ko ta Shasha a Ibadan.

Tun 2021 akwai jirgin ƙasa daga Ebute Metta, yana tsayawa Agege da Abeokuta ya sauke ka Moniya, wajen awa biyu da rabi. Moniya da ɗan nisa da cikin gari, ka ware kuɗin mota.

Kafin ka biya haya ka tambayi maƙwabta maganar ruwa da wutar nefa, kuma ka leƙa layin bayan an yi ruwan sama ka ga yadda hanyar take.