Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Vespa da Kayan Panteka

Vespar mahaifina ta yi shekara da shekaru a jingine a zauren gidanmu a Tudun Wada, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Irin wadda ma'aikata suka yi ta saye ce a zamanin ƙarin albashin Udoji, wajen 1975, ƙirar kamfanin Piaggio na Italiya. Ranar da 'yan gwangwan suka zo suka yi mata kuɗi da kilo, raina ya ƙi. Wata huɗu na yi ina zirga-zirga tsakanin gida da Tsohuwar Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Kaduna, kafin ta tashi, kuma hanyar da na bi ce zan shimfiɗa a nan.

Kafin ka kashe ko sisi, kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ka leƙa ƙasanta. Vespa ba kamar sauran babura ba ce masu ƙashin bututu. Jikinta gaba ɗaya farantin ƙarfe ne da aka matse, shi ne fata shi ne ƙashi. Don haka idan tsatsa ta cinye wurin ɗora ƙafa, ko kwarin da ya ratsa tsakiya inda wayoyi ke bi, aikin ya zama babba. Ɗauki sukundireba ka dinga cakawa. Inda ya huda, mai walda zai yanke ya sa sabon faranti. Kada ka yarda a shafe da fota a fesa fenti a kai. Na ga wadda aka yi wa haka, tana ƙyalli kamar amarya, amma in an hau sai ka ji tsakiyarta na lanƙwasa.

Daga nan sai ka san wace iri ce a hannunka. Goge lambar da ke jikin babur ɗin da ta jikin injin. Idan ta fara da VBC, 150 Super ce, mai taya inci 8. Idan VLB ce, Sprint ce, mai inci 10. Rubuta a takarda ka sa a aljihu, domin a kasuwa kowa cewa zai yi "ai duk ɗaya ne," alhali ba ɗaya ba ne.

Sai a taka kik. In ya sauka da ɗan ƙarfi a ƙafa, akwai rai. In ya tsaya cak, fistan ya kama. Cire filogi, zuba kananzir ko man dizal ta ramin, ka bar shi kwana uku zuwa mako. Kada ka hau kik ɗin da ƙarfin tsiya. Nawa sai a kwana na biyar ya motsa, da ɗan katako da guduma, a hankali.

Yayin kwancewa, ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin ka taɓa shi. Notuna da wasoshi kuma a raba su cikin gwangwanayen madara, kowanne da sunansa.

Yanzu ga babban aikin, wato neman kaya. Dokata ɗaya ce: ban taɓa shiga Panteka ba tare da tsohon abin a hannuna ba. A ɗora nawa a kan nasu, a gwada rami da rami. Wani dattijo da ke da tarin injinan Vespa a bayan rumfarsa ya karɓi kafiretata, ya juya ta, ya ce, "Yaro, wannan Dell'Orto ce ta asali. Wankewa take so, ba canji ba." Na ce, "Baba, ai ba ta ba da mai." Ya zare jet ɗin ya ɗaga wa rana, ramin a toshe da busasshen fetur. Ya jiƙa, ya hura, haske ya fito. Da sabuwa na saya a ranar, da na zubar da mai kyau na ɗauki marar ƙwari.

Abin da ya dace a saya na hannu shi ne kayan ƙarfe masu nauyi: murfin gefe, kan sitiyari, wili, salansa, gidan inji, fitila. Kayan Bajaj Chetak na Indiya da yawa suna hawa, tunda daga Sprint aka samo ƙirarta, amma nan ma sai an gwada. Abin da ba na saye na hannu ko kyauta aka ba ni: oyil sil na kuranshaf, gaskit, ringi, takalmin birki, wayoyin kuloci da na giya, da taya. Roba in ta tsufa ta mutu, ko da ido ya ga kamar lafiya. Oyil sil ɗin nan biyu musamman, in suna shan iska, injin zai yi ta zuga kansa, ya yi zafi, ya ƙone fistan ɗin da ka sha wahalar nema. Tunda an riga an raba injin, a canza har da ɗan ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓar giya, shi ne ke sa giya na zamewa. Kuma duk injin ko jikin da ke da lamba, karɓi rasit. Kayan sata na yawo, kada kwaɗayin araha ya kai ka ofishin 'yan sanda.

Wajen haɗawa, wanke tanki sosai har tsatsa ta daina fita. Zuba bakin mai SAE 30, mililita 250, a gidan giya. Tazarar kwantak, wato ƙarafan nan biyu da ke buɗewa su ba filogi wuta, ta zama kusan milimita 0.4, ta filogi 0.6. Ɗora filogin a jikin inji ka taka kik, kana son wuta shuɗiya mai ƙara. Man tafiya kuwa haɗi ne, mililita 20 na man 2T a kowace lita ta fetur. Ba a zubawa da ka.

Fenti shi ne ƙarshe, bayan ta yi tafiya. In da hali a fesa lokacin da babu ƙurar hunturu.

Makonnin farko da sabon ringi, lallaɓa ta a cikin unguwa, kada ka ɗauki titin Zariya kana murɗa totur. Bayan kowace fita, in ta huce, cire filogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa, komai daidai. Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa. In ya yi fari, ajiye ta ka nemi inda iska ke shiga.