Yadda Hedimasta Zai Bi Sawun Masu Horar da Malamai

Kusan duk hutu sai an kwashi malamanmu zuwa bita a cikin garin Sakkwato, a ci shinkafa, a karɓi alawus da takardar shaida, a dawo. Da wuya ka ji an tambayi masu bitar abin da ya canja a aji. Ga yadda nake yi a makarantar da nake riƙe da ita, kuma kowane hedimasta ko shugaban kwamitin SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta) zai iya.

Kafin malami ya tafi, auna 'yan ajinsa. Ɗauki rajistar aji biyu ko uku, ka zaɓi yara 10, kana tsallake sunaye huɗu kana ɗaukar na biyar. Kada ka bar malamin ya zaɓa, don haziƙansa zai kawo maka. Ba kowane yaro gajeren labari na Hausa, ka saita agogon waya minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Za ka ga wani ya ɗora yatsa a kalmar farko, leɓe na motsi, har mintin ya cika bai wuce ta ba. Rubuta masa sifiri, kada tausayi ya sa ka ƙara. Irin wannan awon aka yi amfani da shi a shirin Mu Karanta da USAID (hukumar tallafin raya ƙasashe ta Amurka) ta tallafa a Sakkwato da Bauchi.

Idan malami ya dawo, ajiye takardar shaidarsa gefe, ka ce: "Malam, nuna mini abu ɗaya da aka koya maka, gobe a aji." Zauna a bencin baya. In har yanzu "ku maimaita bayana" ce tun daga shiga har a kaɗa ƙararrawa, ka rubuta haka. Ƙarshen zango sai ka sake auna yaran nan 10 da wani labarin mai tsawo iri ɗaya.

Ɗaliban kwalejin ilimi masu zuwa gwajin koyarwa kuwa, buɗe musu littafi na daban. Duk lakcaran da ya zo duba su ya rubuta ranar da ya zo, ajin da ya shiga da tsawon zamansa. Wani a gindin darbejiya yake tsayawa, ya ba da maki ba tare da ya leƙa aji ba. Irin wannan ba na sa masa hannu, ko da abokina ne.

Haka kuma ka rubuta inda kowane sabon malami ya samo NCE ɗinsa (takardar shaidar malanta), da ko yana da rajistar TRCN (hukumar yi wa malamai rajista). A 2017 Jihar Kaduna ta sallami malamai fiye da 21,000 da suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, amma ni dai ban ji an kira kwalejojin da suka yaye su sun yi bayani ba.

Sakamakon ka tattara shi a shafi ɗaya, da sa hannun shugaban SBMC. Kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya miƙa wa SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha), ka aika kwafi ga shugaban kwalejin. Idan hedimastoci da yawa suka ga matsala iri ɗaya daga kwaleji ɗaya, sai ku haɗa takarda ga NCCE (hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa) a Abuja, tunda ita ke tantance kwasa-kwasan NCE. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.