Yadda ake kwaikwayon gudun ruwa a kwamfuta idan gada tana kusa da lanƙwasar kogi

Ruwan da ya shiga lanƙwasa ba ya tafiya a miƙe. Na sama yana karkata zuwa gaɓar waje, na ƙasa yana komowa gaɓar ciki, sai ya riƙa murɗawa yana cin gaɓar waje, yana jibge rairayi a ta ciki. A watan Afrilu na 1987 gadar rafin Schoharie a jihar New York ta Amurka ta rufta, mutum 10 suka rasu, bayan ambaliya ta zaizaye gindin wani ginshiƙi da lanƙwasar da ke sama ta karkato wa ruwa.

Don kwaikwayon irin wannan a kwamfuta, da farko a auna ƙasa da zurfin kogin, daga nesa da lanƙwasar ta sama har a wuce gadar sosai ta ƙasa, domin kuskuren da ke iyakar samfuri, wato kwaikwayon kogin a kwamfuta, kada ya iso inda ake nazari. Sannan a nemo bayanan yawan ruwa na shekaru masu yawa, wanda a Najeriya hukumar NIHSA ce ke tattara su, a fitar da ambaliyar da za a gina a kanta, galibi mai zuwa sau ɗaya a shekara 100.

Zaɓen lissafi shi ne inda na fi ganin ana sakaci. Samfuri mai fuska ɗaya, wanda ke bin tsawon kogi kaɗai, yana ɗauka cewa saman ruwa daidai yake daga gaɓa zuwa gaɓa, alhali a lanƙwasa ba haka ba ne: kogi mai faɗin mita 100 da ke gudun mita 3 a daƙiƙa, idan ya bi lanƙwasa mai nisan mita 300 daga cibiyarta, ruwan gaɓar waje zai ɗara na ciki da kusan santimita 30. Don haka a yi amfani da samfuri mai fuska biyu, mai bin tsawo da faɗi, wanda manhajar HEC-RAS ta rundunar injiniyoyin sojan Amurka ta samu tun 2016, kuma a zaɓi cikakken lissafin ƙarfin motsin ruwa maimakon sauƙaƙƙen, domin sauƙaƙƙen ba ya nuna wannan karkata.

A ƙanƙanta ragar lissafi, wato ƙananan gidajen da ake raba kogin zuwa gare su, a kewayen ginshiƙai da gaɓar waje, a rage tazarar lokaci tsakanin matakan lissafi daidai da haka. A sa lambar Manning, mai auna kaushin da ke rage gudun ruwa, kusan 0.03 a tsakiyar kogi mai tsabta, a ɗaga ta a fadama mai ciyayi, sannan a gwada samfurin da alamun da wata ambaliya ta baya ta bari a jikin gada ko bishiyoyi har sai sun dace.

Abin da za a duba a sakamako shi ne kusurwar da ruwa ke bugun ginshiƙi. A ƙa'idar HEC-18 ta Amurka kan lissafin zaizayar gindin gada, ginshiƙin da tsawonsa a kwance ya ninka faɗinsa huɗu, idan ruwa ya buge shi a karkace da digiri 30, zurfin zaizayar yana ninkawa biyu. Idan lanƙwasar ta yi tsanani, a ƙara da samfuri mai fuska uku, mai haɗawa da zurfi, ko ƙaramin kogi na gwaji a ɗakin bincike, domin mai fuska biyu yana haɗe ruwan sama da na ƙasa, ba ya ganin murɗawar sosai.