Yadda ake fatsar kifin tarawut da ƙwaron ƙarya a kogunan Birtaniya a farkon bazara

Ranar da na fara gwada wannan fatsa, a bakin kogin Usk da ke Wales, sammako na yi kamar yadda muka saba a gida. Na tsaya cikin ruwa tun gari bai gama wayewa ba har yatsuna suka daina jin sanda, ko motsin kifi ban gani ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga wani dattijo ya iso, ya zauna kan kututture yana kurɓar shayi yana kallon ruwa. Bai jefa igiya ba sai da rana ta take, kuma kafin la'asar ya kama uku. Kusan duk abin da zan faɗa a nan daga wannan zaman nasa ya samo asali.

Bazarar da nake nufi ba tamu ba ce mai zafi. Watan Maris ne da farkon Afrilu, lokacin da hunturun Turai ke janye jiki amma sanyin ruwa bai daina ɗaukar rai ba. Tarawut kifi ne na ruwa mai sanyi, mai tsabta, mai gudu, jikinsa da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da jajaye. Ba da tana ko ƙullin gari ake yaudararsa a wannan salon ba. Ƙugiya ake yi wa ado da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwarin da yake ci.

Mataki na farko: takardu

A Ingila da Wales, duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa, ana saye ta intanet, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Lasisin bai ba ka kogi ba. Kusan kowane yanki na ruwa yana da mai shi ko ƙungiyar masunta da ke riƙe da shi, sai ka sayi izinin yini. A Sikotlan ba a neman wancan lasisin, amma a nemi izinin masu ruwan. Ranar buɗe lokacin fatsar tarawut ta bambanta: a Usk 3 ga Maris, a Sikotlan 15 ga Maris, a Yorkshire 25 ga Maris.

Mataki na biyu: kaya

Sanda mai ƙafa tara, mai lamba 4 ko 5 (lambar nauyin igiyar da take ɗauka ke nan), da igiya mai yawo a saman ruwa wadda lambarta ta dace da ta sandar. A bakin igiyar a ɗaura siririn zaren nailan mai ƙafa tara wanda yake ƙara sirancewa zuwa ƙarshe, a ƙara masa ɗan guntu mai kaurin milimita 0.15 ko kusa da haka, inda ƙugiya za ta zauna. Keken naɗe igiya kowanne ma ya wadatar, kada ka zuba kuɗi a kansa. Inda ya kamata kuɗi ya tafi shi ne wandon shiga ruwa mai kaiwa ƙirji, da takalmi mai kama dutse, da safar ulu, da sandar dogarawa. Ka ɗaura ɗamara a kan wandon, don idan ka faɗi kada ya cika da ruwa nan take. Tabarau mai kashe ƙyallin ruwa yana nuna maka ƙasan kogi, yana kuma kare ido daga ƙugiyar da iska ta karkato.

Ƙwarin ƙarya kuwa, shaguna za su nuna maka ɗaruruwa. Kaɗan kake buƙata. Na nutsewa: Pheasant Tail, wanda Frank Sawyer, mai gadin kogin Avon, ya ƙirƙira da wayar tagulla da gashin wutsiyar wani tsuntsu dangin fakara, sai Hare's Ear da ake yi da gashin kunnen zomo. Ka samu masu ɗan ƙwallon ƙarfe a kai don nauyi. Na 'yan arewacin Ingila masu laushin gashi, irin su Waterhen Bloa da Partridge and Orange, suna tafiya ƙasa kaɗan da fatar ruwa. Na sama kuma Greenwell's Glory, wanda aka fara ɗaurawa a bakin kogin Tweed a 1854 kuma har yau yana ci. Ƙugiya mai lamba 12 zuwa 16 ta isa. A lura, lissafin ƙugiya a juye yake: mai babbar lamba ita ce ƙarama.

Mataki na uku: lokaci

Nan ne baƙo ke faɗuwa. Tarawut ya gama zuba ƙwai a tsakiyar hunturu, ya rame, kuma jininsa yana bin sanyin ruwa. Idan ma'aunin zafin ruwa ya nuna digiri 4 ko 5 na Celsius, kifin yana kwance a ƙasa ba ya son wahala. Da ya haura 7 sai ka ga rai ya fara dawo masa. Shi ya sa 'yan awannin tsakiyar rana, daga sha ɗaya zuwa uku, suka fi sauran yinin duka daraja. A lokacin ne ƙwari biyu ke fasowa daga ƙasan kogi: wani ɗan ƙarami mai launin zaitun da fukafukai masu ruwan toka, da wani babba mai ruwan ƙasa da Turawa suka laƙaba wa sunan watan Maris. Fitowar tasu ba ta daɗewa. Wani lokaci minti ashirin ne, a ɗauke, a sake dawowa.

Ga Musulmi akwai ɗan lissafi a nan, domin abin yakan faɗo daidai azahar. Kafin a tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris, azahar na shiga jim kaɗan bayan sha biyu. Ni dai alwalata nake zuwa da ita, in yi salla da zarar lokaci ya shiga, in koma bakin ruwa. Kuma kada rana mai haske ta ruɗe ka. Yini mai lumshi, marar iska, ko da yayyafi, ya fi fitar da ƙwarin nan. Idan kogi ya cika ya yi jajir bayan ruwan sama, zauna gida sai ya fara sauka yana washewa.

Mataki na huɗu: karanta ruwa

Kafin ka jiƙa takalmi, tsaya ka duba. Kifin da ba shi da ƙarfi ba zai tsaya a tsakiyar ruwa mai ƙarfi ba. Nemi inda mai gudu ya haɗu da mai tafiyar hawainiya, yawanci za ka ga layin kumfa yana bin wurin, kuma abinci ma nan yake bi. Duba bayan manyan duwatsu, da ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da wutsiyar gurbi inda zurfi ke fara raguwa. Zurfin gwiwa zuwa ƙugu, ruwa na tafiya kamar mutum mai tafiyar kasuwa, shi ne abin nema. Tsuntsaye ma 'yan rahoto ne: idan ka ga suna shawagi suna caɓe abu a fatar ruwa, ƙwari sun fara fitowa.

Kifi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, don haka ta bayansa za ka zo, kana haurawa a hankali. Kada ka taka shimfiɗar tsakuwa mai tsabta a wuri marar zurfi, domin 'ya'yan kifin bana suna iya kasancewa a cikinta har yanzu.

Mataki na biyar: jifa

A fatsarmu ta gida nauyin dalma ko na koto ke jan zare. A nan ƙwaron ba shi da nauyin komai, igiyar ce ke ɗauke da shi. Ɗaga sanda da sauri ka tsayar da ita cak da ta ɗan wuce kanka, jira igiya ta miƙe a bayanka, sannan ka tura gaba ka sake tsayawa cak. Jiran nan shi ne sirrin. Idan ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawa, wataƙila ma ƙwaron ya tsinke. Ka yi atisaye a kan ciyawa da guntun ulu maimakon ƙugiya. Mita takwas zuwa goma ta ishe ka, galibin kifin da na kama bai fi nisan nan ba.

Mataki na shida: fara daga ƙasa, ka ƙare a sama

Kafin ƙwari su fito, ɗaura na nutsewa. Jefa shi gaba da inda kake zaton kifi, ta wajen da ruwa ke fitowa, bar shi ya nutse ya gangaro da saurin ruwa, kana ɗaga sanda kana tattare ragowar igiya. Sa ɗan ulu mai launi a zaren ya zama alama. Ya tsaya, ko ya nutse, ko ya karkata, ɗaga sanda. Sau da yawa dutse ne, kuma hakan ma albishir ne. Wanda bai taɓa maƙale ƙasa ba, sama da kan kifi yake ta wucewa, sai ya ƙara nauyi ko tsawon zare.

Da ka fara ganin zobba a fatar ruwa, canza zuwa na sama. Zaɓi kifi ɗaya, ka lura da inda yake tasowa, ka sauke ƙwaron kamar taku ɗaya a gabansa. Babban abokin gaba a nan shi ne ja: ruwa ya kama cikin igiya ya figi ƙwaron yana tsaga ruwa, abin da ƙwaro na gaske ba ya yi. Maganinsa, da igiya ta sauka ka ɗan juya bakin sanda ka kwantar da cikinta ta wajen da ruwa ke fitowa. Idan kifi ya haɗiya, kada ka fizga. Bari ya juya kai ƙasa tukuna, sannan ka ɗaga a natse. Na yi asarar kifi da yawa kafin hannuna ya yarda da wannan.

Mataki na bakwai: idan ya kamu

Riƙe sanda a sama ta lanƙwasa, ka bar shi ya ja igiya idan ya zabura, amma kada ka wahalar da shi har ya galabaita. Jawo shi cikin 'yar koma mai laushi. Na san mutumin da ya taso yana kallon Argungu zai ji abin banbaraƙwai, a kama kifi a sake shi, amma a yawancin waɗannan koguna haka ƙa'idar masu ruwa take ga tarawut na daji, kuma na Maris ramamme ne, ba abin miya ba. Matse ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin ka fara, don ta fita da sauƙi. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka matse cikinsa ko ka sa yatsa a kunnuwansa, ka riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar gudu har ya kaɗa wutsiya ya tafi da kansa.

In ka koma gida, wanke wando da takalmi da koma, ka shanya su bushe ƙayau kafin ka shiga wani kogin, saboda cututtuka da baƙin halittun da ke bin kayan masunta daga ruwa zuwa ruwa.