Yadda ake zaɓar kalmar da ta dace da wanda ya bar bakin aikinsa

Mai rubuta labari ko takardar ofis yakan yi bayani a kan mutumin da aka nema a bakin aikinsa aka rasa, kuma kalmar da ya zaɓa takan zama hukunci tun kafin a ji ta bakin mutumin. Don haka kafin a rubuta komai, a bincika ko ya tafi da izini, ko yana da niyyar dawowa, da kuma abin da tafiyar tasa ta jawo wa masu dogaro da shi.

Malamin da bai zo makaranta ran Litinin ba amma ya zo ran Talata, fashi ya yi, domin mai fashin aiki yana da niyyar komawa. Wanda ya zo da safe, ya sa hannu a rajista, ya rataye hularsa a jikin kujera don a zaci yana kusa, sannan ya fice, shi ake cewa ya sulale ko ya zille. Maigadin da barci ya kwashe a bakin ƙofa kuwa bai je ko'ina ba, laifinsa sakaci ne.

Ajiye aiki ba laifi ba ne, tunda da takarda ake yin sa kuma da sanin shugaba. Murabus ya fi dacewa da sarauta da manyan muƙamai, kamar yadda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi a 1963, da Paparoma Benedict a 2013. Kada a haɗa shi da tuɓewa, wadda hukuma ce ke yin ta, kamar abin da ya sami Muhammadu Sanusi na biyu a 2020. Shi ma yajin aiki daban yake, domin ana yin sa a fili, da sanarwa da buƙatu, kuma kamar matar da ta yi yaji, masu yin sa biko suke jira. Kuskure ne a ce malaman jami'o'in da suka shafe wata takwas suna yaji a 2022 sun gudu daga aiki.

Kalmomin da suka fi nauyi su ne gudu da tserewa da arcewa, kuma a nan nake ganin an fi yin gaggawa. Dokar soja ta bambanta wanda ya yi fashi ba izini da wanda ya tafi ba niyyar dawowa, kuma ta bambanta su biyun da mai bore, wanda ya bijire wa umarni yana nan a cikin runduna. A watan Agustan 2014 sojojin Najeriya kimanin 480 suka tsallaka Kamaru bayan artabu da Boko Haram a yankin Gamborun Ngala. Rahotanni da yawa sun ce sun tsere, hedkwatar tsaro kuma ta ce dabarar yaƙi ce. Abin da ya kamaci marubuci a irin wannan hali shi ne ya ce sun tsallaka iyaka, sannan ya jingina kowace fassara ga wanda ya yi ta. Wannan bambanci ba sabo ba ne ga Musulmi, domin aya ta 16 ta Suratul Anfal, da ta yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya juya baya ranar gamuwa, ta keɓe wanda ya ja da baya don dabara ko don ya haɗu da wata runduna. Haka nan maharban da aka ajiye a kan tudu ranar Uhudu, mafi yawansu sun bar wurin ne da zaton an gama yaƙi, don haka ana cewa sun saɓa umarni, ba a cewa sun gudu.

Maganganu irin su ya cika wandonsa da iska ko ya ranta a na kare na hira ne, kuma akwai ba'a a cikinsu, saboda haka ba su da gurbi a rahoto. A takardar tuhumar ma'aikaci, a rubuta ranakun da ba a gan shi ba da aikin da ya tsaya sanadiyyar hakan, a nemi ya yi bayani a rubuce, sannan a bar kalmar gudu sai wa'adin da aka ba shi ya cika bai amsa ba.